Canjin da Ba Ya Barin Sawu

Ɗauki faifai, irin wanda ake rufe ƙwaryar fura da shi, wanda masaƙiya ta ƙawata da rinanniyar kaba, ja a nan, baƙi a can, zanen yana maimaita kansa sau shida a kewaye. Ajiye shi a kan tabarma, ka ce wa yaro ya ƙare masa kallo, sannan ya rufe ido. Juya faifan kaɗan, daidai yadda kowane jan zane zai hau gurbin na kusa da shi. To, ya buɗe ido, ka tambaye shi ko an taɓa faifan. Ba zai iya faɗa ba. Kai ka san ka motsa shi, hannunka ne shaida, amma faifan bai nuna komai ba.

Wannan ɗan wasan ya ƙunshi ma'anar abin da masana ke kira simetiri, kalmar da aka aro daga Girkanci. Ni dai na fi son in ce daidaiton siffa, ko daidaito kawai. A makarantar firamare ninka takarda biyu aka koya mana, mu duba ko gefen dama ya hau kan na hagu, kamar fukafukan malam-buɗe-littafi. Gaskiya ne, sai dai ɗaki ɗaya ne kawai a cikin babban gida. Ma'anar da masana lissafi suka tsaya a kai, wadda Bajamushe Hermann Weyl ya warware wa jama'a a wani ƙaramin littafinsa na 1952, ita ce: abu yana da daidaito idan akwai wani aiki da za ka yi masa, ka gama, ya kasance kamar ba ka yi ba. Wato a wurin aikin maganar take. Kyan abu a ido ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne yawan canje-canjen da zai shanye ba tare da ya bar sawu ba.

Ayyukan nan ba su da yawa, kuma duk mun san su tun kafin mu ji sunansu. Akwai kifawa irin ta madubi, wadda mai ƙunshi ke yi idan ta zana wa amarya lalle a hannun dama, ta mayar da kishiyarsa a na hagu. Akwai juyi, irin na faifai. Akwai gusawa, irin ta aikin da ke zagaye bakin hula, inda za ka tura zanen gaba da gida ɗaya ya sake faɗawa kan kansa. Sai na huɗu, wanda ya haɗa gusawa da kifawa, kuma ba inda ya fi fitowa fili kamar sawun mai tafiya a kan rairayi: dama, hagu, dama, hagu. Masana sun tabbatar da cewa duk zanen da ke bin layi ɗaya yana maimaita kansa, ko a bakin zane yake ko a jikin soro, ba zai fita daga iri bakwai ba, duk gwanintar mai zanen.

Bari mu ɗan zauna a kan murabba'i. Hanyoyi nawa za a taɓa shi ya koma yadda yake? A juya shi rubu'in zagaye, ko rabi, ko rubu'i uku, ko a bar shi yadda yake, wanda shi ma ana lissafa shi. Huɗu ke nan. A kifa shi dama zuwa hagu, ko sama zuwa ƙasa, ko ta kan ɗaya daga layuka biyun da suka haɗa kusurwa da kusurwa. Huɗu kuma. Takwas, ba ƙari ba ragi.

Duk wanda ya tashi kusa da zauren malamai ya taɓa ganin hatimi mai gida tara, inda ake jera lambobi daga 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Layin sama 4, 9, 2. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 8, 1, 6. Idan ka zauna neman duk hanyoyin cika gidajen nan, takwas za ka samu. Ka ƙara dubawa, sai ka ga ashe hatimi ɗaya ne tak, sauran bakwai ɗin shi ne aka juya ko aka kifa. Mai gida goma sha shida kuwa yana da jeri 7,040, amma idan aka raba da takwas ɗin nan, na asali 880 ne. Wannan fanni ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a wajajen 1732 kan hanyoyin gina irin waɗannan murabba'ai, kuma masu tarihin lissafi suna ambatonsa har yau.

Akwai wani abu da sai ka gwada da hannu za ka yarda. Yanki takarda murabba'i, ka rubuta 1, 2, 3, 4 a kusurwoyinta gaba da baya, ka fara daga sama ta hagu kana bin hannun agogo. Juya ta rubu'i ɗaya ta hannun agogo, sannan ka kifa ta dama zuwa hagu: lamba 1 za ta dawo inda ta tashi. Yanzu mayar da ita yadda take, ka fara kifawa sannan ka juya: 3 za ka tarar a wurin. Ayyukan ba su canja ba, wanda ya riga wani ne ya canja. Amma ko yaya ka haɗa biyu daga cikin takwas ɗin, sakamakon yana cikin takwas ɗin, kuma kowane aiki yana da mai warware shi. Tarin ayyuka masu irin wannan hali shi masana ke kira rukuni, kuma ilimin rukuni shi ne nahawun daidaito.

Abin mamaki, ba daga zane aka gano shi ba, daga aljabara ne. Tun ƙarni na tara al-Khuwarizmi a Bagadaza ya tsara yadda za a warware tambaya irin wannan: wane adadi ne idan ka ninka shi da kansa, ka ƙara masa ninkinsa huɗu, zai ba da 21? Amsar 3 ce, kuma akwai dabara guda da ke warware duk tambayoyi na wannan mataki na biyu. A ƙarni na 16 Italiyawa suka samo dabarar mataki na uku da na huɗu, aka buga su a 1545. Mataki na biyar ya gagara kusan shekara ɗari uku. A 1824 Niels Abel, ɗan ƙasar Norway, ya tabbatar da cewa babu irin wannan dabara ko kaɗan. Wanda ya tono dalilin har saiwarsa kuwa wani matashi ne Bafaranshe, Évariste Galois, wanda aka harbe a wani fito-na-fito a birnin Faris a watan Mayun 1832, yana da shekara 20. Sai a 1846 aka buga muhimman takardunsa.

Galois bai tsaya neman amsar ba. Tambaya ya yi irin wadda muka yi wa yaro a kan faifai. Lissafin mataki na biyar yana da amsoshi biyar. To, ta hanyoyi nawa za a musanya musu gurbi ba tare da dangantakar da ke tsakaninsu ta nuna an taɓa ta ba? A mataki na biyu hanyoyin 2 ne, a na uku 6, a na huɗu 24, a na biyar 120. Ya nuna cewa dabara ba ta samuwa sai idan rukunin yana rarrabuwa daki-daki zuwa ƙananan juye-juye masu sauƙi. Na 2 da 6 da 24 suna rarrabuwa. Na 120 yana rabuwa sau ɗaya zuwa 60, daga nan ya cije, kamar ƙodagon goriba.

Ka riƙe sittin ɗin nan, domin nan ne wurin da ya fi ɗaure mini kai a duk wannan magana. Tsoffin Girkawa sun san siffofi biyar kacal masu fuskoki iri ɗaya da kusurwoyi iri ɗaya, kuma da su Uƙlidisu ya rufe littafinsa na lissafin siffofi. Mafi yawan fuskoki a cikinsu tana da alwatika ashirin da tsini goma sha biyu. 'Yar'uwarta ita ce tsohuwar ƙwallon ƙafa mai baƙi da fari: baƙaƙen faci goma sha biyu masu kusurwa biyar, farare ashirin masu kusurwa shida. Hanyoyin juya wannan siffa ta koma yadda take 60 ne. Ba adadin ne kawai ya zo ɗaya ba, rukunin ma shi ne dai wanda ya hana mataki na biyar warwaruwa, kuma masanin lissafi Felix Klein ya rubuta littafi guda a kan haka a 1884.

Siffar nan kuma tana cikin jikin ɗan'adam idan ya kamu da shan inna, cutar da muka daɗe muna fama da ita a Arewa kafin a ayyana Afirka ta rabu da nau'inta na daji a 2020. Kwanson ƙwayar cutar an gina shi da tubali 60 iri ɗaya, kowane tubali haɗin furotin huɗu, a jere bisa wannan tsari na alwatika ashirin. Dalilin kuwa talauci ne. Bayanin halittar wannan ƙwaya bai wuce haruffa kimanin 7,500 ba, ba zai isa ya bayyana gini mai sassa sittin mabambanta ba. Sai ta tanadi bayanin tubali ɗaya, a yi ta buga shi, kowane tubali ya riƙe maƙwabtansa yadda kowa ke riƙe nasa, ginin ya rufe kansa. Francis Crick da James Watson sun hango haka tun 1956. A halitta, daidaito sau da yawa tattali ne: umarni kaɗan, maimaici mai yawa.

Wani lokaci kuma gado ne daga sanadi. Jefa tsakuwa a tafki, da'ira za ka gani, saboda ruwan bai fifita gabas a kan yamma ba. Dabbar da ke tafiya tana da gaba da baya, don baki da ido suna inda ake dosa. Tana da sama da ƙasa, don nauyi yana jan ta ƙasa. Amma daji bai bambanta dama da hagu ba, kura na iya ɓullowa ta ko'ina, shi ya sa gefen biyu suka zo iri ɗaya. Abin da ke tsaye wuri ɗaya kuwa, kamar fure, yakan buɗe ta kowace fuska. Duba furen kuɓewa mai kunne biyar, ko ka yanka ɗanyarta ka ga ɗakunan 'ya'yanta a zagaye.

Biyar ɗin nan tana da labari. Tambayi mai sa tayil. Murabba'i huɗu suna haɗuwa a tsini ɗaya, 90 sau huɗu, 360. Mai kusurwa shida, irin na saƙar zuma, uku ke haɗuwa, 120 sau uku. Mai kusurwa biyar kuwa kusurwarsa 108 ce: uku sun bar giɓin 36, huɗu sun hau juna. Saboda haka a duk shimfiɗar da ke maimaita kanta, juyin da zai yiwu shi ne na biyu, uku, huɗu da shida. Daga wannan ƙaidi Evgraf Fedorov na Rasha ya nuna a 1891 cewa irin waɗannan shimfiɗu 17 ne a kan bango, 230 kuma a cikin daskararrun abubuwa masu tsari irin su gishiri. Maginan fadar Alhamra ta birnin Garnaɗa a Andalus sun riga sun zuba da yawa daga cikin sha bakwai ɗin a bangayensu ƙarnuka kafin a ƙirga su.

A ranar 8 ga Afrilun 1982, Dan Shechtman, masani daga Isra'ila da ke aiki a wani ɗakin bincike a Amurka, ya duba wani haɗin alminiyam da manganis, ya ga tsari mai juyi goma, abin da kowane littafi ya ce ba zai yiwu ba. Ya sha izgili, har daga Linus Pauling mai lambar Nobel biyu. Amma idonsa bai yi ƙarya ba, littattafan ma ba su yi kuskuren lissafi ba. Sharaɗin da aka ɗauka tilas ne, wato maimaici, shi ne ba tilas ba: abu na iya zama da tsari tsaf ba tare da ya taɓa maimaita kansa ba. An ba shi Nobel a 2011. A 2007 kuma Peter Lu da Paul Steinhardt suka nuna cewa adon hubbaren Darbi Imam na Isfahan a Iran, ginin 1453, ya kusanci irin wannan tsari ƙwarai.

Duk wannan daidaiton abubuwa ne da ake gani ko ake aunawa. Wanda ya fi zurfi shi ne daidaiton dokokin da abubuwan ke bi. Saki dutse yau, saki shi gobe, faɗuwarsa ɗaya. Saki shi a wannan ɗaki ko wancan, kana fuskantar alƙibla ko ka ba ta baya, dokar ba ta san ka gusa ko ka juya ba. Emmy Noether, Bajamushiya da ta shafe shekaru tana koyarwa a jami'ar Göttingen ba albashi, ana sanar da darasinta da sunan abokin aikinta David Hilbert don kawai ita mace ce, ta buga wata hujja a 1918. Ta nuna cewa duk wani daidaito irin wannan, wanda ake iya yin sa kaɗan-kaɗan ba tsalle, yana haifar da wani abu da ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Rashin damuwar doka da lokaci shi ya sa makamashi ba a ƙirƙirarsa ba a hallaka shi. Rashin damuwarta da wuri ya tsare ƙarfin tafiya. Rashin damuwarta da fuska ya tsare ƙarfin juyi, wanda ke riƙe mazari da katantanwar yara suna wulwulawa.

Ga yadda za ka ji hujjar a jikinka. A ce nauyi yana raguwa ranar Talata, yana ƙaruwa ranar Juma'a. Sai ka tura ruwa tanki ranar Talata da ɗan fetur kaɗan, ka sako shi ranar Juma'a ya juya inji da ƙarfin da ya fi wanda ka kashe. Ka samu wuta daga babu. Abin da ya toshe wannan ƙofa shi ne Talata da Juma'a ɗaya suke a wurin doka. A ganina, a cikin ilimin ƙarni na 20 kaf, da wuya a sami magana gajeriya mai nauyin wannan. Gwamnatin 'yan Nazi ta kori Noether daga aiki a 1933 saboda ita Bayahudiya ce. Ta koma Amurka, ta rasu a 1935.

To, idan dokoki haka suke, me ya sa duniya ba ta zama sumul kamar ƙwai ba? Tsayar da taɓarya a tsakar gida ka sake ta. Ba wata fuska da aka rubuta mata ta faɗi, duk ɗaya ne. Amma dole ta faɗi ta wata fuska guda, kuma da zarar ta kwanta, wanda ya shigo zai ɗauka gidan ya fifita kudu. Dokar na nan da daidaitonta, sakamakon ne ya karya shi. Haka ruwa ke yi in ya daskare, haka ƙarfe ke yi in ya zama maganaɗisu. A kan wannan tunani Abdus Salam na Pakistan da Steven Weinberg da Sheldon Glashow suka haɗa biyu daga ƙarfafan halitta a bayani ɗaya, aka ba su Nobel a 1979. Shi ya sa ban yarda da masu cewa daidaito shi ne kyau ba, a tsaya nan. Dubi babbar riga mai aska takwas: aljihu da askake sun taru a gefe ɗaya na ƙirji, ɗaya gefen an bar shi da ɗan tambari, kuma wannan rinjayen ne ke ba rigar kwarjini.

Akwai ma inda dokar kanta ta karkace. An daɗe ana ɗauka cewa duk abin da ya faru, surarsa ta madubi ma na iya faruwa. A 1956 Tsung-Dao Lee da Chen Ning Yang suka lura ba wanda ya gwada haka a kan raunanan ƙarfin da ke sa wasu ƙwayoyin zarra su ruɓe. Chien-Shiung Wu, 'yar asalin Sin, ta gwada. Ta sanyaya sinadarin kobal-60 zuwa dab da ƙarshen sanyi, ta jera ƙwayoyinsa suna juyi ta fuska ɗaya, sai ta ga ilektaron sun fi fita ta wani gefe fiye da ɗayan. A can ƙasan halitta, ashe, an san dama an san hagu. Lee da Yang suka karɓi Nobel a 1957, ita ba a sa ta ba, kuma wannan rashin adalci ne da bai kamata a riƙa wuce shi shiru ba.

Rai ma ya zaɓi hannu. A 1848 Louis Pasteur, yana matashi, ya lura cewa ƙananan duwatsun wani gishirin sinadari iri biyu ne, kamar takalmin dama da na hagu. Ya zauna da ɗan hantsaki da madubin ƙara girma ya ware su ɗaya bayan ɗaya. Sinadari ɗaya, sassa ɗaya, amma ɗayan ba zai hau kan ɗayan ba duk yadda ka juya shi. Daga baya aka gano cewa tubalan furotin na duk mai rai kusan duka na hagu ne, sukarin da ke cikin DNA kuma na dama. Don haka jiki kamar safar hannu yake, yana jin bambancin magani na dama da na hagu. Maganin talidomaid, da aka fara sayarwa a Jamus ta Yamma a 1957 ana ba masu ciki don tashin zuciya, ya sa an haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasar hannuwa da ƙafafu kafin a janye shi a 1961. Yana da sura biyu, an fi ɗora laifin a kan ɗaya, sai dai ko an ba da mai lafiyar ita kaɗai, jiki yana mayar da wani kasonta ɗayar.

Mu kanmu a waje ne kawai muke da daidaito. Mahauci ya fi kowa sanin ciki ba haka yake ba. Zuciyar mutum ta karkata hagu, hanta na dama, saifa na hagu, huhun dama yana da ɓangare uku, na hagu biyu. Yaya ɗan tayi, wanda bai kai ƙwayar gero ba, ke sanin hagunsa? A 1998 masu bincike a Japan suka gano cewa ƙananan gasun da ke cikin wani ɗan rami a jikin tayin ɓera suna wulwulawa ta fuska ɗaya, suna kora ruwa zuwa hagu, kuma wannan kwararar ce ke sanar da gefen cewa shi ne hagu. Idan gasun ba su motsa ba, sai abin ya zama kamar faɗuwar taɓarya, ko nan ko can.

Kimanin mutum ɗaya cikin 10,000 ana haifarsa da kayan cikinsa a kife gaba ɗaya, zuciya a dama, hanta a hagu. Da yawansu suna rayuwa lafiya lau, ba su sani ba sai ranar da likita ya ɗora abin sauraro a ƙirjinsu ya ji bugun ta ɗaya gefen, ko ciwon afendis ya taso musu ta hagu. Amma kifawar a kan gaɓoɓi ta tsaya. Tubalan furotin ɗinsu na hagu ne kamar na kowa, DNA ɗinsu ta dama take murɗewa, kuma tuwon da ke ƙosar da maƙwabcinsu shi ke ƙosar da su.